Iskar da Geji Ba Ya Ƙirgawa

Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Ranar Talata, sha bakwai ga watan jiya, bayan la'asar, aka aiko mini cewa Mai Fensir ya cika, bayan jinyar sati uku. Na ajiye sufana, na wanke hannu, na tsallaka titi zuwa garejinka, Mai Fensir, na tarar an riga an ja ƙofa.

Shekara talatin muna kallon juna, garejinka a gabas da titi, nawa a yamma. Ba zan ce mu aminai ba ne, don ka sha ɗauke mini kwastoma, ni ma ban bar ka ba. Mutane sun sa maka wannan suna ne saboda guntun fensirin da ba ya barin bayan kunnenka. Mu muna sauraron inji da kunne, kai sai ka yi lissafi a jikin kwali, muna yi maka dariya.

Alherinka kowa ya faɗi nasa a wurin zaman makoki. Mai walda ya ce shekara biyu yana aiki da wutar garejinka. Matarka ta ce ba ka taɓa shiga gida da takalmin aiki ba. Ni na yi shiru, domin nawa ba ya faɗuwa a tsaye.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, wata ungozoma ta kawo mini motarta mai turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ta ce ba ta jan hawa. Da ita take bin ƙauyuka. Na buɗe littafin motar, ya ce ƙarfin iskar turbo ya kamata ya kai ɗari biyu a ma'aunin kPa. Gejin da ke gaban direba kuwa da wani ma'aunin, psi, yake magana. Na yi lissafina tsaf: kPa ɗari bar ɗaya ne, bar ɗaya kuma psi sha huɗu da rabi, ke nan ashirin da tara nake nema. Na zaga da motar, allura ta tsaya a sha huɗu. Na gaya wa matar, da muryar manya, cewa turbonta rabin aiki yake yi, yanzu zan ɗaure shi ya ninka iskar.

Na sa sufana ke nan sai ga ka, wai ka zo aron jak. Ka dubi littafin, ka dubi gejin, ka ce in kashe inji in bar makulli a kunne, in jona na'urar kwamfuta. Geji ya nuna sifiri. Na'ura ta nuna wajen kPa ɗari. Ka ja ni bayan bonet, inda matar ba ta ji.

"Yaya, wannan ɗarin iskar da muke shaƙa ce. Littafi ya haɗa da ita, geji bai haɗa ba. Cire ta tukuna, sannan ka juya lissafin."

Na cire. Saura ɗari, bar ɗaya, psi sha huɗu da rabi. Turbo lafiyarsa ƙalau. Da na ninka iskar nan, da fistin ɗin injin ya narke mata a tsakiyar daji, da sunana ya narke tare da shi. Ashe matatar mai ce ta toshe.

Ka ɗauki jak ɗin da ba ka buƙata, ka ce wa matar da ƙarfi ta kwantar da hankalinta, tana hannun gwani. Har yau ni take kawo wa mota. Na jira in ji labarin a bakin masu shayi, wata ɗaya, shekara ɗaya, shiru. Ni kuma ban taɓa cewa na gode ba, sai dai na daina dariyar fensir.

To, ga shi na rubuta da hannuna, ungozoma ma za ta karanta. Gwanin ranar nan ba ni ba ne.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya rufa maka asiri a gabanSa yadda ka rufa mini a gaban mutane. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, da 'ya'yanka huɗu, da ƙannenka, da duk ma'aikatan garejinka. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.