Ruwan da Sevda Ta Zuba a Babbar Ƙofa

Duk wanda ya taɓa kwana a garin nan ya san muryar Sevda kafin ya san fuskarta. Ita ce mai sharar kasuwa da titin tasha, doguwa mai haƙorin zinari guda, wadda in ta gaida mutum a bakin tasha sai karnukan bayan coci su amsa. 'Yar ƙabilar Roma ce, tsirarun Bulgariya da 'yan gari ke rainawa, daga unguwar tsallaken layin dogo. Ta yi tsinkar inabi a Girka, ta yi wankin kwanoni a Sifen, ta dawo Bulgariya da ciwon baya da 'yarta tilo, Anife.

Makarantar garin ƙofa biyu gare ta. Babbar ƙofa mai ginshiƙai ta 'ya'yan cikin gari ce. Ta baya kuwa, kusa da rumbun gawayi, ita ke kaiwa ga wani tsohon gini inda ake cusa 'ya'yan Roma. A can Sevda ta yi nata karatun, ta fito tana haɗa baƙi da ƙyar. Babu dokar da ta ce a yi haka, kowa dai haka ya taso ya gani. Bana Anife ta isa shiga aji ɗaya, Sevda kuma ta rantse 'yarta ba za ta bi ta ƙofar gawayi ba.

Sai ga shi tsohon shugaban makaranta ya yi ritaya. Ofishin ilimi na lardi ya turo Malama Yordanka, 'yar siririya mai tabarau, wadda tun ba ta ajiye jakarta ba ta ce za a rufe ginin baya a haɗa yara. Malam Lyubomir, mataimakin da ya daɗe yana hangen kujerar, ya ɗaukaka ƙara, ya kuma riƙe makullai. Gari ya dare biyu. Har a layin burodi sai an tambaye ka, “Kai na wa ne?”

Ranar taron iyaye Sevda ta je da rigar aikinta, ta zauna a layin gaba.

“Ni fa ba wariya nake ba,” in ji matar mai kantin magani, tana gyara sarƙarta. “Yaran nan ba su jin harshen ƙasa sosai. Za su ja namu baya.”

“Tawa harshe uku take ji, Uwargida,” in ji Sevda. “Har zagi ta iya da na Sifen. Naki nawa yake ji?”

Ɗaki ya kwashe da dariya. Malam Lyubomir ya bubbuga tebur.

“Sevda, ki saurare ni. Na ga an yi haka a garin da ke gaba da mu. Ana haɗawa, 'yan gari suka kwashe 'ya'yansu a bas zuwa birni, ƙwararrun malamai suka bi su. Makarantar duka ta zama tamkar ginin baya. Wa ya ci riba?”

Maganar ta soki Sevda, don ta san ba ƙarya ya yi ba. Duk da haka ta ce, “To Malam, in tsoron gudun wasu ne, me ya sa tawa ce za ta biya? Shekararta bakwai. Wa ta kora?”

Malama Yordanka ta miƙe za ta yi magana, hayaniya ta binne ta. Aka tashi baram-baram, Malam Lyubomir yana cewa kafin a yanke ƙararsa, komai yana nan yadda yake.

Ranar buɗe makaranta, a tsakiyar Satumba, shugaba ne ke ɗaukar butar tagulla ya zuba ruwa a gaban 'yan aji ɗaya, su taka su shiga, don shekararsu ta gudana kamar ruwa. A babbar ƙofa kawai ake yi. Ƙofar gawayi ba ta taɓa ganin ko ɗigo ba. Butar kuwa tana kulle a ofishin Malam Lyubomir.

Sevda ta tare Malama Yordanka a kasuwa tana zaɓen tattasai.

“Malama, ke ce shugaba ko ba ke ba ce?”

“A takarda, ni ce.”

“To gobe ke za ki zuba ruwa.”

“Da me? Butar tana hannunsa.”

“Haba Malama! Buta ce ke aiki ko ruwa? Ke dai ki zo da hannuwanki.”

Daga nan ta tsallaka layin dogo da gudu, tana buga ƙofofi. “Ke Zlatka, fito da tukunyar nan ta biki! Kawu Mitko, a goge algaita! Wadda ɗanta ba shi da farar riga ta zo, Anife tana da biyu!”

Washegari da safe 'yan gari suna tsaye a harabar makaranta da furanninsu, limamin coci yana gefe, sai suka jiyo kiɗa. Unguwar tsallake ce ta taso kaf. Yara a gaba, gashi ya sha mai, kowa da dunƙulen furen da aka tsinko a bakin shinge. Iyaye mata a baya da bokitai da tukwane. A tsakiya Sevda ce ke tura amalanken shararta, an wanke shi tas, an ɗora masa ganga cike da ruwa.

“Hanya! Hanya! Masu karatu sun iso!”

Malam Lyubomir yana bakin ƙofa da butar tagulla a hannu, da sabon takalmi mai ƙyalli. “Sevda, ta baya. Kin san hanya.”

“Na sani, Malam. Shi ya sa ban bi ba.”

Ta miƙa wa Malama Yordanka ƙaramin bokiti. Malamar ta karɓa, ta ɗan yayyafa a ƙasa, rabin ruwan ya ƙare a siket ɗinta.

“Wannan ai wankan kyanwa ne!” in ji Sevda. “Yara da yawa haka? Kama nan, Malama, mu tura tare!”

Suka kama ganga. Sevda, da ɗoki ya ɗebe ta, ta manta ƙarfin da Allah ya ba ta. Ganga ta kife gaba ɗaya. Ruwa ya kwararo kamar an fasa madatsa, ya shanye takalmin Malam Lyubomir har idon sawu, limami ya tattare rigarsa ya yi tsalle gefe. Matan unguwa suka ɗauka umarni ne, kowacce ta juye nata. Kawu Mitko ya ƙara wa algaita wuta.

“Taka, Anife! Taka, 'yar nan!”

Anife ta ɗaga ƙafa ta taka, facal, facal, har gaban ƙofa. Malam Lyubomir ya miƙa hannu ya tare hanya. Kiɗa ya tsaya cak. Yarinyar ta juyo tana kallon uwarta, da furenta a hannu.

“Lyubcho! Sauke hannun nan!”

Goggo Velika ce, mahaifiyar Malam Lyubomir, mai kiransa da sunan yarinta, tsohuwa cikin baƙaƙen kaya, da ta zo kallon biki da sandarta.

“Inna, maganar doka ake—”

“Doka ce ta haife ka? Yarinya ta taka ruwa ka mayar da ita baya? Ka ɗaure mata shekara, alhakin ya hau kan gidana?” Ta juya ga taro. “Ni ban ce ina son a haɗa su ba, ku ji da kyau. Amma ba a juya yaro daga kan ruwa. Ko na wane ne.”

Malam Lyubomir ya dubi uwarsa, ya dubi jiƙaƙƙen takalminsa. A hankali hannun ya sauka. Anife ta wuce, sauran suka bi ta a guje, 'yan gari da 'yan tsallake duk ƙafa a jiƙe, har ba a gane sawun wane ne a kan daɓe.

Ba kowa ya yi tafi ba. Matar mai kantin magani ta ja ɗanta ta fita, wasu suka bi ta zuwa tashar bas. Amma waɗanda suka tsaya sun fi yawa. Ƙarar Malam Lyubomir tana lardi har yanzu, makullai ma bai miƙa ba.

Sevda dai ta kife bokiti a ƙarƙashin tagar aji ɗaya, ta hau ta leƙa. Ga Anife a layi na biyu, kusa da ɗan mai gidan burodi da ke kukan neman uwarsa, tana nuna masa yadda ake buɗe jaka. Sevda ta ƙwanƙwasa gilashi tana washe baki.

Yarinyar ta ɗago, ta haɗe rai, ta kaɗa mata hannu. “Inna, ki tafi mana. Karatu muke yi.”