Ta Tambayi Gajiya, Aka Ba Ta Amsa

Wata rana ƙungiyarmu ta ɗalibai mata a jami'a ta zauna zaɓar sababbin 'yan uwa. Tsarin ba wuya: kowace sabuwa za ta zauna da babba ɗaya su ɗan yi hira, daga baya a tantance. Ni aikina rabon zoɓo, da kasa kunne.

Akwai wata yarinya 'yar ajin farko da ta zo daga can nesa. Tun da aka buɗe makaranta ita kaɗai take cin abinci, ita kaɗai take tafiya aji. Idan ba a ɗauke ta ba, haka za ta ƙare shekarar.

Aka haɗa ta da Anti Zuwaira, sakatariyarmu, wadda ko mu tsofaffi muna shakkarta.

Yarinyar ta gaishe ta. Ina wuni, ya karatu, ya gajiya.

Anti Zuwaira ta ci gaba da rubutunta.

Ta murɗa bakin mayafinta, ta sake ɗauko gaisuwar daga farko. Da ta ƙare, ta kuma komawa. Wallahi tausayinta ya kama ni.

Anti Zuwaira ta ajiye biro.

"Ƙanwata, gajiyar nan da kike ta tambaya, da gaske kina son ki ji?"

Yarinyar ta ɗago kai. "Ina so, Anti."

Ashe daga asibiti Anti ta zo, mahaifiyarta ce kwance da ciwon ƙafa. Mu da muke tare da ita kullum ba wadda ta sani, don mun saba karɓar "lafiya lau" mu wuce.

Yarinyar ta yi mata sannu, ta tambayi wace ƙafa ce, tana iya takawa? Ta ce ita ma ta yi jinyar kakarta. Tsoron ya tafi ba ta ma lura ba, suka yi ta hira sai da aka zo aka tashe su.

Wajen tantancewa wasu suka ce ai yarinyar ba ta iya magana ba. Anti Zuwaira ta ce, "Ku da kuka iya, wa ta tambaye ni jikin Mama?"

Aka ɗauke ta.

Darasi: Idan baki ya ɗaure miki a cikin baƙi, ba sai kin nemo zance mai burgewa ba. Yi tambaya ɗaya, ki tsaya ki ji amsarta.

Tura wa ƙanwarki da ke fargabar shiga mutane, ƙila yau take buƙatarsa.