Gammon Baba

A gidanmu na Dutse komai kaya ne. Inna ta aike ka kasuwa, kayan miya. Ranar sallah a buɗe adaka a fito da kayan sawa. Mahauci ya ƙara mana kayan ciki, ranar nan sai lashe hannu. In ƙanwata ta taka rawa Inna ta ce kayan daɗi, in ni na buɗe baki ta ce kayan haushi, don tun ina ƙarami ba a taka ni in yi shiru. Baba kuwa dariya yake mana. Shi a wurinsa kaya ɗaya ne, wanda ake ɗora wa mutum a ka ya kama hanya. Ɗan alaro ne, yana dakon kayan fatake tun kafin zuwan Nasara, kuma ba a taɓa sauke masa kaya don ya gaza ba.

Ranin da jirgin ƙasa ya fara tsayawa a Ringim na isa saurayi, madugu ya yarda in shiga ayarin da zai kai dabinon Dutse can. A lokacin wuyan Baba ya soma ba shi wahala, ya ɓoye wa kowa sai Inna da take gasa masa da ruwan zafi. Madugun nan kuwa ba shi da wasa. In mutum ya sare a hanya, a gaban kowa zai raba kayansa ga wasu, ya ce ya koma gida. Da safen tafiya Inna ta ja ni bayan rumbu.

"Kada ka bari a sauke babanku a idon jama'a," in ji ta. "Yadda za ka yi, kai ka sani."

Kayanmu dogon ɗauri ne cikin tabarmar kaba, mutum ba ya iya ɗora wa kansa, sai an taya shi. Baba ne yake ɗora mini, Kawu ƙanen Inna ya ɗora masa. Tun ranar farko na ga abin da Inna take tsoro. Baba, wanda kullum shi ne a gaba, ya koma baya yana haɗa gumi, har madugu ya fara waiwayensa.

Da azahar muka yi loko, wato hutun 'yan alaro, a gindin wata tsamiya kafin Jahun. Kowa ya nufi rijiya alwala, na ce ni zan tsare kaya in yi tawa daga baya. Suna ba da baya na kwance ɗaurin Baba, na kwashi dabino na zuba a nawa, na cusa busasshiyar kaba a gurbin don kada ɗaurin ya rame. Na ɗaure tsaf, ina jin kaina wani gwanin wayo. Duk loko kuma sai na ƙara.

Wayyo wuyana! Na tsine wa dabino a zuci, na tsine wa wanda ya fara shuka shi. Baba kuwa sai ga shi a gaba yana waƙa, har da ɗan rangaji. Bai tsaya nan ba, sai ya mai da ni abin tsokana, wai samarin yanzu fura kawai suka iya ɗauka, ita ma a ciki. Ayari ya yi ta kwasar dariya, madugu ma har da riƙe ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, saura kaɗan in fasa ƙwai, sai in tuna fuskar Inna in haɗiye.

Muka tsallaka kogi, ruwa iya gwiwa, muka shiga Ringim Baba na kan gaba. Jirgi ya yi wata ƙara da ta kusa sa ni zubar da kaya, amma ba shi ne damuwata ba. Sai a lokacin na tuna za a kwance ɗauri a gaban madugu, kaba ta fito fili. Kafin kowa ya taɓa, Baba ya ce nasa da na ɗansa kayan gida ɗaya ne, tare za a juye. Ya kwance da hannunsa, ya zazzage su tsibi guda, ya naɗe tabarmar da kabar a ciki ya zauna a kai yana fifita da hula. Madugu ya yi ta yabonsa, yana cewa tsoho mai ran ƙarfe.

Da muka sauka kogi wanke jiki, Baba ya dube ni.

"Wa yake ɗora maka kaya?"

"Kai ne, Baba."

"To wuyana ne yake ciwo, hannuna lafiyarsa ƙalau."

Kawu ya faɗi kan yashi don dariya, ya ce shi ma tun Jahun yake ɗaga kayan Baba kamar kwandon auduga. Ashe tsokanar nan duk don idon madugu ya tsaya a kan rakina ne, kada ya auna ɗaurin kowa. Na tashi zan yi fushi, dariya ta ƙwace mini.

Sai Baba ya ciro gammonsa daga cikin riga, wanda Inna ta naɗa masa da tsummokara tun suna amarya da ango, ya yi baƙi ƙirin da gumi. Ya ɗora mini a ka, ya danna da tafin hannu.

"Na shigo da kayana da ƙafata, ba wanda ya sauke ni," ya ce. "Na gama."

Daɗi ya kama ni har idona ya kawo ruwa, na ce yashi ne ya faɗa.

A komawa gishiri muka ɗauko. Baba ya ɗora mini nawa, ya rataya 'yar tsarabar Inna a kafaɗa, ya jera da ni har Dutse kansa ba komai, yana kushe tafiyata.