Kwamfutar Marigayi Nura

Cikin duk ayyukan da suka ratsa shagon nan, ranar da Malam Lawal ya shigo da buhu a kafaɗa ce ba ta fita raina ba. Da damina ne, 'yan kwanaki bayan sadakar arba'in ta ƙaninsa Nura. Ni na san Nura. Yana da ɗan tebur a Kusada inda yake tura wa mutane finafinai da waƙoƙi a waya, kuma idan kwamfutarsa ta ƙi tashi nan Kankia yake kawo mini ita. Haɗarin babur ne ya yi ajalinsa, ya bar mata da jaririya.

Malam Lawal manomi ne a ƙauyen Ƙofa, mutum mai tamke fuska. Ya juye buhun a gabana: kwamfutar Nura da allonta ya fashe, da wata tsohuwa da aka ciccire wa kaya, da igiyoyi a cukurkuɗe. Ya ce hankalinsu bai kwanta ba, domin duk waƙar da aka ci gaba da ji daga kayan nan, suna tsoron nauyinta yana bin yaron har kabari. Yana so a share komai, a cika ta da karatun Alƙur'ani da tafsiri, gidansu da maƙwabta su riƙa saurara, ladan ya isa ga mamacin.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, abin da ya nema shi muke kira saba. Kwamfuta ce da ake ajiyewa a lungu ba allo, a haɗa ta da rauta, wato na'urar da ke sada ta da wayoyin gida ba tare da igiya ba, duk mai waya a gidan ya shiga ya ɗauki abin da yake so ba tare da sayen data ba. Ba ta buƙatar sabon kaya. Na ɗauki akwatin tsohuwar, na sa mata kayan cikin ta Nura, na canza fanka da ta ci ƙura, na daidaita ta yadda batirin solar gidan zai iya riƙe ta. Ya rage faifan ajiya, wanda za a yi wa fomatin, wato a share shi tas.

To ni ina da ƙa'ida, kuma kun sha jin ina faɗa a kanta: ba na share faifai sai mai shi ya ga abin da ke ciki. Da Malam Lawal ya dawo duba aikin, na zaunar da shi na fara buɗewa. Ya kau da kai, ya ce bai zo kallo ba, in gama kawai. A can ƙasa na ga wata folda, wato ma'ajiya a cikin faifan, da ba fim ba ce, ba waƙa ba. Muryoyi ne da Nura ya ɗauka da kansa. Na gaya masa cewa a iya sanina nan kaɗai muryar ƙaninsa ta rage, tunda wayarsa ta ragargaje a haɗarin, kuma in na share, 'yarsa ba za ta taɓa jin yadda ubanta yake magana ba.

“Malam Iro, ka share mani duka,” in ji shi. “Rufin asiri na zo yi mashi.”

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce kayansu ne, zan share, amma sai ya ji ko guda ɗaya. Sai na kunna.

Nura ne yake gwada sabon makirfo a tsakar gida, ana jin kaji da ƙarar turmi. Yana cewa, “Yaya, ka ce wani abu mana, ko kalma guda.” Sai ga muryar Malam Lawal kansa a fusace: “Kauda mani abin nan. Ka je ka nemi sana'ar kirki.” Nura ya fashe da dariya, ya ce ai ko faɗan ma ya isa, zai ajiye shi.

Na ji tausayin mutumin nan ƙwarai. Ya cire hula, ya daɗe yana juya ta a hannu, sannan ya ce rabonsa da yi wa Nura magana mai laushi ya manta. Ya tambaye ni ko za a iya share sauran a bar wannan. Na ce za a iya.

Haka aka yi. Finafinan da waƙoƙin suka tafi, karatu ya shiga, foldar Nura ta zauna a gefe. Ni na kai sabar Ƙofa na haɗa ta, na nuna wa matar Malam Lawal yadda ake shiga, don ta nuna wa mai takaba.

Ku da kuke koyo, ku riƙe wannan. Mutanenmu suna kawo kayan mamaci da kyakkyawar niyya da kuma gaggawa, don zuciya ba ta son ganinsu. Sharewa ba ta ɗaukar lokaci, kuma abin da aka share ba ya dawowa. Ku tsayar da mutum ko da zai ji haushinku. Da zan fito daga gidan, na bar Malam Lawal a zaure, jaririyar tana kan cinyarsa, ya kara mata waya a kunne yana cewa, “Ji babanki, shi ne mai dariyar. Mai faɗan nan kuwa ni ne.”