Hular Kwanon Ɗana Da Hannun Mahaifiyata

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da jama'a ke aiko wa wannan shafi, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan shiga sahu ba. Lokacin da abin nan ya faru, ni tela ce mai ɗan shago a Kalpohin, nan Tamale, da haihuwar fari a hannu. Ni mace ce mai ido. Idan wuyan riga ya karkace da faɗin tsinke zan hango daga bakin ƙofa, kuma ba na barin abu a karkace ko da mai shi ya rantse ya yi masa. Wannan halin ne ya ciyar da ni, shi ne kuma ya jawo mini abin da zan faɗa muku.

Ɗana yaro ne mai haƙuri. A rigingine yake wuni kan 'yar katifa gefen keken ɗinki, ni kuwa ina ta yabon Allah da ya ba ni ɗa marar rigima. Da ya yi 'yan watanni sai na lura ƙeyarsa ta baje ta gefe ɗaya, har kunne guda kamar ya matso gaba. A wurin awo nas ta ce in riƙa juya masa kwanciya, in yawaita goyo, in kifa shi a kan cikinsa idan yana farke, galibi abin kan gyaru da kansa. Na ce to, amma zuciyata ba ta ce to ba. Wata mai kawo mini ɗinki ta yi wasa da cewa kan nan kamar burodin da aka zauna a kai. Na yi dariya a gabanta, tana fita na ɗauki waya na shiga bincike, har na ci karo da wata hular kwano ta jarirai da ake gyara siffar kai da ita. Maigidana ya ce shi bai ga komai ba, kuma nasa kan ma ba ƙwallo ba ne amma na aure shi. Na sa shi gaba da mita har ya gaji. Muka hau mota zuwa wani asibiti a Akra, aka auna kan yaron aka yi masa tasa. Gaskiya ba su ɓoye mana komai ba. Sun ce ba a cire ta sai lokacin wanka, dole a riƙa dawo da shi ana buɗa ta saboda kai na girma, kuma in na ga fata ta yi ja ba ta washe ba in dakata in neme su. Ban tuna da nisan Akra ba, ban tuna da zafin Tamale ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, tana zaune a gidanmu na unguwar Kukuo, nan cikin Tamale. Ciwon ido ya daɗe da tafiya da ganinta, don haka da hannu take ganin jikokinta. Duk yaron da aka kai mata, za ta shafa kansa daga goshi zuwa ƙeya, ta faɗa maka ya yi ƙiba ko ya rame, sannan ta yi addu'a a tafin hannunta ta shafa masa. Haka ta yi mana tun muna yara, ranar jarrabawa, ranar tafiya, har ranar aurena. Ɗana kuwa shi ne maigidanta, kamar yadda kakanni ke wasa. Ranar da na fara kai shi da hular, ta miƙa hannu ta ji roba. Ta ƙwanƙwasa a hankali kamar mai buga ƙofa, ta yi sallama, ta tambaya ko maigidan na ciki. Ta ce ashe mijin nata ya sayi babur bai gaya mata ba. Ba ta yi mini faɗa ba ko kaɗan, ta ce masu asibiti sun fi mu sani. Ta yi addu'arta ta shafa a kan robar.

Daga nan zafi ya shigo. Wanda ya san Tamale gab da damina ya san abin da nake nufi. In na cire hular don wanka, gashin yaron jiƙe yake sharkaf, ga wani tsami da sabulu ba ya fitarwa. Ƙurajen zafi suka feso a goshi da bayan kunne. Yaron da ba ya kuka ya koma mai kuka wuni guda, yana kai hannu yana ƙoƙarin sosa abin da ba zai iya kaiwa ba. Nono ma sai da dabara, in na goya shi kuwa robar na gurzar bayana, shi ma bai samun wurin kwantar da kumatu. Mun koma Akra sau ɗaya, tafiyar ta kusa kwantar da mu duka. Da lokacin komawa ya sake zagayowa, ga ɗinkin sallah ya cika shago, na ce bari a sauke sallah tukuna. Jan da ke saman kunnensa na hagu ya daina washewa. Na gani da idona, ni mai idon nan, na shafa man kaɗe na mayar da hula. Na ce wa kaina takalmi ma sabo yakan ci ƙafa kafin ya saba.

Duk ranar Juma'a muna zuwa Kukuo, kuma duk zuwa Mma takan roƙe ni in ɗan cire hular ta ga mijinta, ko da na tsawon addu'a ne. Ni kuma in ce likita ya hana, saura kaɗan. In gaya muku gaskiya, cirewar minti ɗaya ba za ta ɓata komai ba. Abin da nake tsoro shi ne yatsunta. Na san abin da na ɓoye wa masu ido ba zai ɓuya a hannun Mma ba, kuma idan ta ce a cire, ba ni da bakin musu. Sai ta yi murmushi ta ce ba komai, za ta jira, ai mace takan jira mijinta ya dawo daga tafiya.

Bayan sallah da 'yan kwanaki yaron ya tashi da zazzaɓi. Na zo cire hular sai ta manne, da ta fito ta fito da fata. Wurin ya zama gyambo, yana ruwa. A asibiti suka ce kada a sake sa masa ita, aka shiga wankin ciwo. Ni ce mai riƙe masa kai kullum ana wankewa, yana ihu yana kallon idona. Ciwon ya warke a hankali, amma ya bar abin da ba wanda ya gaya mini zai bari: ɗana ya tsani hannu a kansa. Ko inuwar hannu ya ga ta nufo goshinsa sai ya sandare ya tsala ihu, ko hannuna ne, ko na babansa.

A tsakanin nan jikin Mma ya yi nauyi. Na ɓoye mata zancen gyambon, na ce mura ce ta hana mu zuwa. Ranar da yayana ya kira ya ce in zo da yaron tana nemansa, na goya shi muka hau babur ba hula ba komai. Na same ta kwance ta rame, amma da ta ji an ce an cire hular sai ta sa aka tayar da ita zaune, ta gyara ɗankwali kamar amarya. Na ɗora mata shi a cinya. Ya zauna lafiya, har yana wasa da carbinta. Ta yi addu'arta a tafin hannu, doguwa, sannan ta ɗaga hannun tana lalube. Yatsunta ba su ma kai ga gashinsa ba ya tsala ihu, ya bankare, ya zame daga cinyarta ya ƙanƙame ni. Na ce bari in riƙe mata shi da ƙarfi. Ta hana.

"Bar shi, ɗiyata," in ji ta. "Bai san hannuna ba ne. Wani zuwan."

Ta zauna da hannun a buɗe kamar ba ta san inda za ta ajiye addu'ar ba, daga baya ta shafa a fuskarta. Ba a yi wani zuwan ba. Kafin Juma'a ta zagayo aka kai ta makwancinta.

Yanzu yaron yana gudu yana surutu. Ƙeyar ta ɗan cika, ko hular ce ko girma ne, Allah kaɗai ya sani, kuma gashi ya rufe ta, ba mai kallo. Abin da ake gani shi ne tabon saman kunne inda gashi ya ƙi fitowa. Aski har gobe yaƙi ne. Ni kuwa ban sake samun daɗin zuciyata ba. Mutane na cewa in yi haƙuri, kwanan Mma ne ya ƙare, na kuma yarda da haka. Amma ba kwananta ne ya hana ta taɓa jikanta duk Juma'o'in nan ba.

Ban ce kowa ya ƙi maganar likita ba, akwai yaran da hular ke wa amfani. Amma 'yar'uwa, kafin ki sa wa jariri abin da zai wuni ya kwana da shi, tambayi kanki ko za ki iya komawa duk lokacin da aka ce, ki kuma tuna da zafin garinku. In kin ga ja bai washe ba, cire ki tafi asibiti a ranar, ɗinki ko kasuwa su jira. In kuma tsohuwa ta ce ki miƙo mata yaro ta shafa, miƙa mata a lokacin. Kwanan baya ɗana da kansa ya kama hannuna ya ɗora a kansa, karo na farko tun bayan ciwon. Na buɗe baki in yi masa addu'ar Mma, sai na tarar ban taɓa tambayarta abin da take karantawa ba.