Gurbin da Ke Hagun Belmiro

Duk wanda ya taɓa shiga lagar tare da Ti Belmiro, wato Kawu Belmiro, ya san ba a tsayawa a hagunsa. Lagar dai shi ne tafkin dutsen nan da ake cikawa da inabi a tattake da ƙafa. Maza ke jeruwa daga bango zuwa bango, kowa hannunsa a kafaɗar na kusa da shi, ruwan inabi iya cinya, mai kiran taku yana cewa hagu, dama, ana tafiya a hankali. Belmiro ne mai kiran taku a gonar da ke saman garin Pinhão, wurinsa can ƙarshen layi. Sai dai ba ya mannewa da bango. Yakan bar gurbin mutum guda tsakaninsa da dutsen, ya miƙa hannun hagu a iska, a haka zai je ya dawo har a tashi.

Gurbin Aníbal ne, kuma Aníbal ya fi shekara hamsin a kabari.

Can saman tsauni aka haife su, inda ba abin da ke fitowa sai dankali da sanyi. Uwar Aníbal ta rasu wurin haihuwarsa, uwar Belmiro ta haɗa su ta shayar, nono ɗaya suka sha. Da suka tasa, kowace Satumba sukan bi ayarin garinsu su gangaro kwarin Douro girbi, a ƙasa, da kiɗa da waƙa. Wuni ake yi ana hawa da sauka da kwandon inabi a baya, igiyarsa a goshi. In an sha miyar kabeji da yamma, sai a wanke ƙafa a faɗa lagar. Belmiro ƙato ne marar magana. Aníbal kuwa siriri, ga baki kamar reza, ba ya barin kowa ya sha ruwa.

"Kai buhu, rage nauyi mana," yakan ce wa Belmiro a tsakiyar layi. "Inabi aka ce ka taka, ba ƙafata ba."

Sirantar nan ce ta ci shi. Manyan gangunan katako da ake ajiye giya suna da 'yar ƙofa a ƙasa, wadda ba kowa ke iya shiga ba, don haka in za a wanke ciki Aníbal ake kira. Kowa a kwarin ya san ana fara tura kyandir mai wuta. In wutar ta mutu, iskar ciki ta lalace, ba a shiga. Ranar da za a koma gida ce, da safe, 'yan mata suna ta ado, Aníbal yana sauri kada ayari ya tafi ya bar shi. Ya ce hancinsa ya fi kyandir, ya sulale ciki yana dariya. Da ƙafa aka jawo shi.

Shekarar da ta biyo baya Belmiro ya shiga lagar ba ya ko son ɗaga ido. Ya ce hagu, ya ce dama, sai ya ji hannu ya sauka a kafaɗarsa ta hagu, marar nauyi, da yatsun nan masu son tsunkuli. Ba kowa a wurin. Bai yi ihu ba, bai gudu ba. Matsawa ya yi, ya ba shi wuri. Sauran mazan suka dubi juna, suka yi alamar gicciye. In an kai ƙarshe, Belmiro yakan koma shi kaɗai ya bi ta gurbin, sai ya tarar inabin wurin a murƙushe yake. Wasu sun ce motsin ruwa ne. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo.

Aníbal ba ya zuwa ko'ina sai lagar. Ba ya zuwa a mafarki, ba ya zuwa a coci, ko a bakin kabarinsa Belmiro bai taɓa jin komai ba. Shi ya sa Belmiro bai koma tsauni ba. Ya auri Deolinda mai dafa wa 'yan girbi abinci, ya zauna. Lokacin da samarin kwarin suka kwashe zuwa Faransa, har takarda aka nema masa, ya ƙi.

"Kowa ya tafi ya dawo da mota," Deolinda takan ce, "kai ka zauna gadin matacce."

"Wa zai riƙe masa wuri?"

"To Allah ya ba ka lada, don ni dai ba ni da abin ba ka."

Zamani ya juya. Aka kawo injin da ke taka inabi ba gajiya ba waƙa. Tsofaffin layi suka bi juna lahira ɗaya bayan ɗaya. Lagar guda aka bari, shi ma don baƙi masu yawon buɗe ido, waɗanda jirgin ruwa ke saukewa a Pinhão mota ta hauro da su. Akan ba su gajeren wando, su shiga suna ihun sanyi, kofi a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Taku kuwa sai dai a yi shiru, agwagwa ma ta fi su. Belmiro bai damu ba. Girbi ya zo, an cika lagar, hannun ya sauka, shi ke nan bukatarsa ta biya. Har yakan ji tsunkulin ya ƙaru in akwai 'yan mata a layin, ya yi murmushi shi kaɗai.

Bana, ana saura kwanaki a fara girbi, Filipa ta kira shi. Jikar tsohon mai gonar ce, ita ke riƙe da komai yanzu. A gabansa aka haife ta, kuma ba muguwa ba ce, gonar ce ta yi mata nauyi. Ta zaunar da shi a inuwar zaitun, ta daɗe tana kewaye-kewaye.

"Ti Belmiro, ƙafafun nan naka sun gaji. In ka zame a ciki, ni za a kama."

"Ƙafafuna sun girmi babanki, menina, ba su taɓa zamewa ba." Menina, wato yarinya, haka ya saba kiranta.

"Na sani. Amma abokan haɗin gwiwarmu sun ce a sa matashi mai jin harsunan baƙi. Hagu da dama kowa ya iya."

Bai taɓa tunanin ranar da za a cika lagar yana waje ba.

"Hanya ɗaya na gani," ta ce. "Kullum baƙi suna tambaya me ya sa kake barin gurbi a hagunka. Kakana ya gaya mini. In za ka riƙa ba su labarin da bakinka, ina fassarawa, to ka zama abin da ba su da shi a wata gona. Ba mai taɓa ka."

"Ba labari ba ne, menina. Mutum ne."

"Ka yi tunani, Ti Belmiro. Wallahi so nake ka zauna."

A gida Deolinda ta aje masa busasshen kifi da dankali, ya ƙi taɓawa. Ta ji yadda aka yi, ta goge hannu a zaninta.

"To ka faɗa mana, tsoho. Shi ɗin da yana raye akwai wanda ya kai shi son a yi maganarsa? In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take."

"In ya ji haushi fa?"

"In ka yi shiru kuma a ina za ku haɗu? A kicin ɗina?"

Ba ta yi ƙarya ba, kuma ya sani. Tsoro yake ji ta ko'ina, amma tsoron rasa lagar ya fi yawa.

Ranar farko da la'asar, baƙi suka cika ɗakin, rana tana shigowa ta ƙofa tana haska ruwan inabin. Belmiro ya tsaya a bakin dutse, wandonsa a naɗe, ya fara. Da ƙyar maganar ke fita da farko. Can sai bakin ya buɗe, abin da ya danne tun yana saurayi ya ɓalle. Ya faɗi nonon da suka sha, ya faɗi ayari, ya kwaikwayi muryar Aníbal yana kiransa buhu, aka yi dariya. Ya faɗi kyandir. Ya faɗi yadda takalmin Aníbal ya zame a hannunsa lokacin da yake jawo shi, abin da ko Deolinda ba ta taɓa ji ba. Filipa tana ta fassarawa. Wata farar tsohuwa ta share hawaye. Da ya gama aka tafa masa, kuma abin kunya, ya ji daɗin tafin.

Aka shiga. Baƙin nan kuwa sun yi ladabi, ba wanda ya kusanci gurbin. Sai dai kowa ya juyo da wayarsa wajen. Suna ɗaukar hoton bango, da ruwa, da hannun tsoho a miƙe. Wani mai gemu ya ɗaga kofinsa ya kira sunan Aníbal, ya karya shi gida biyu a bakinsa, sauran suka amsa. Wata ta leƙo ta yi wa gurbin magana kamar mai wasa da jariri.

Belmiro ya ce hagu. Ya ce dama. Ya jira.

Suka kai bango suka juyo, kafaɗarsa wayam. Ya ce a ransa kunya ce, mutane sun yi yawa, bari a ɗan jima. Ya rage sauri, ya ƙara matsawa ya faɗaɗa wurin, har na damansa ya yi tuntuɓe. Ya sunkuyar da kai ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Haba ɗan'uwa. Don mu zauna na yi."

Ba tsunkuli, ba komai. Sai sanyin inabi a cinyarsa da dariyar mutanen da bai sani ba.

Filipa ta tare shi a bakin dutse da tawul, idonta jawur, fuskarta cike da murna. Ta ce an riga an cika sunayen masu zuwa har ƙarshen girbi, kuma baɗi ma wurinsa na nan, ta yi masa alkawari. Ya yi mata godiya, don tarbiyya ba ta barin mutum.

Washegari ya dawo, da jibi, da ranar da ta biyo. Yana ba da labarin, ana kuka, ana tafi, ana shiga. Yana barin gurbin kamar kullum, yana miƙa hannun hagu. Amma yanzu kafin a kai tsakiyar lagar hannun ya fara rawa, kafaɗa ta ɗau zafi, sai ya cije ya riƙe shi da ƙarfin tsiya don baƙi suna kallo. A rana ta huɗu, ana cikin taku, hannun ya faɗi da kansa ya bugi ruwan, inabi ya fantsal masa a fuska. Ya tsaya yana dubansa. Sai a lokacin ya gane cewa duk shekarun nan ba shi ke riƙe da hannun ba.

"Ti Belmiro," Filipa ta kira daga waje a hankali, "ɗaga hannun, suna ɗauka."

Ya ɗaga.