Jan ƙyallen da na yanke a shagon Yaya Garba

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Garba makwancinsa a Jega. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ɗauki alƙalami don in rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye, domin labarinsa ba ya cika sai da nawa laifin a ciki. Bana wani dattijo daga Karaye ya sa shirun ya gagare ni.

Garba wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni aka kai makarantar boko, na ƙare a aikin rediyo. Shi ya zauna ga gyaran babur, kuma ba kowane babur ba, sai tsofaffin nan masu hayaƙi, waɗanda ake haɗa wa baƙin mai da fetur. Manoman albasa na Aliero da Maiyama sun so su saboda ba su da nauyi. Idan babur ya kafe a rairayi, mutum ɗaya zai ɗaga shi ya fitar. Tun Garba yana raye aka daina shigo da irinsu, kayan gyaransu ma suka ƙare a kasuwa. Daga nan aikinsa ya koma nema. Ranar kasuwa zai tafi ƙauye, ya dawo da mataccen inji a bayan babur, ya kwance shi, ya wanke kowane ƙarfe da kalanzir.

Zuciyar irin wannan inji abu biyu ne: tukunyar ƙarfe da makanikai ke kira bulok, da fistin da ke kai da kawowa a cikinta. Idan bulok ya cinye, sai a rarake shi a nemo fistin da ya fi na da kauri kaɗan. Garba ba shi da na'urar awo. Sanda yake naɗa wa takardar goge ƙarfe, ya yi ta gurzar cikin bulok, wani lokacin kwana biyu. Sai ya shafa mai, ya ɗora fistin a baki ya sake shi. Idan ya faɗa ƙasa nan take, ya yi sako-sako. Idan ya tsaya, ya matse. Wanda yake nema shi ne wanda zai sauka a hankali da nauyin kansa. In ya samu, sai ya yago ƙyalle daga tsohon zane, ya zura ta ramin fistin, ya ɗaure shi da bulok ɗinsa, ya rataye a bango. Kowane launi da mai shi. Garba bai iya karatun boko ba, ƙyallen nan su ne rubutunsa.

Ni ban san haka ba a lokacin. Na sha zama a shagon, amma a zatona tarkace ne kawai ya ɗaure don kada su watse.

Ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu, duk sun yi aure. Babu ɗa namiji, don haka ina cikin magada. Da aka zo rabo, malamin da aka gayyato ya leƙa shagon ya ce bai san yadda zai raba wannan ba. Dangi suka juyo gare ni, wai ni ne na je makaranta. Na ce abu mai sauƙi ne: a ware komai bisa jinsinsa, iri ɗaya wuri ɗaya, sannan a raba. Kowa ya yaba da tsarin. Na aika aka sayo reza, na bi bangon nan daga wannan kusurwa zuwa waccan ina yanke ƙyalle. Kafin la'asar bulok sun zama tsibi guda, fistin sun cika buhu. Bulok suka faɗa rabon 'ya'yan, mazajensu suka kira masu sayen tsohon ƙarfe a makon. Ban ga laifinsu ba, me za su yi da su? Buhun fistin ya zo hannuna, na jefa shi a ɗakin ajiya na manta.

Bana, ana gab da dashen albasa, wani dattijo ya yi sallama a ƙofar gidana. Dogo ne, yana ɗingishi. Ya ce sunansa Ummaru, daga Karaye, kuma Garba ne ya riƙe masa babur shekaru masu yawa.

"Malam Bello," ya ce, "wanka Garba ya faɗa mani wanga gyara da ya yi wa babur shi ne na ƙarshe, bulok ya gama. Ya ce in ya mutu in taho, ya aje mani guda, ɗaure da jan ƙyalle. To, ya mutu."

"Babur ɗin, ko Garban?" na tambaya.

"Su duka. Amma Garba ya riga shi da shekara tara, ka ga ko ya iya aiki."

Gonarsa tana fadama, nesa da gari. Gwiwoyinsa ba za su kai shi da ƙafa ba. Sabon babur kuwa ya gwada na ɗan'uwansa, ya faɗi da shi a rairayi, ya kasa ɗaga shi har sai da masu wucewa suka taimaka. Idan tsohon babur bai tashi ba kafin iri ya wuce lokacin dashe, noman bana ya wuce shi.

Na fito da buhun. Muka kai wa Sahabi, makaniken da ke gyara a kusa da inda shagon Garba yake a da, magidanci mai gaskiya. Ya zazzage buhun a tabarma, ya daɗe yana kallo.

"Malam, ina mazajensu?"

"An sayar."

"To waɗannan duk zawarawa ne," ya ce. Malam Ummaru ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Kwana huɗu muka yi muna neman bulok. Mun zaga masu tsofaffin kaya a Jega, mun je Aliero, mun je Maiyama. Ko'ina amsa ɗaya ce: wa ke neman wannan yanzu? A Jiga Makera muka samu guda a wurin wani maƙeri, ya mai da shi abin danne bakin zugazugi. Sahabi ya wanke shi, ya shafa mai, ya shiga gwada fistin ɗin Garba ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya faɗa, wancan ya tsaya a baki. Na tsaya ina kallon aikin da wana ya riga ya gama, ana sake shi daga farko, ba tare da rabin kayan ba. Babu ko ɗaya da ya sauka a hankali.

A ƙarshe Sahabi ya samo sabon fistin a kwali, mai sheƙi, wanda aka ce zai yi. Ya gaya mana bai yarda da ƙarfen ba, amma babu wani. Ya ɗaura, babur ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Malam Ummaru ya hau ya tafi yana ɗaga mana hannu. Kwana shida babur ɗin ya yi yana tafiya. A na bakwai inji ya yi zafi ya cije tsakanin Karaye da Maiyama, da rana tsaka, da damin irin albasa a baya. Fistin ya narke ya kwarzane bulok ɗin maƙerin. Irin ya yi yaushi kafin a kai shi gona.

Nakan tambayi kaina me Garba zai ce da ya ga yau. Ba na jin zai yi faɗa da sababbin babura, ba su hayaƙi kuma ba su shan mai. Ba na jin zai raina Sahabi. Abin da zai ba shi mamaki shi ne yadda gyara ya koma cirewa da jefarwa, da yadda ake sayar da ƙarfen da ba zai kai mako ba a cikin kwali mai kyau. Amma ba zan ɓoye a bayan zamani ba. Zamani bai shiga shagonsa da reza ba. Garba ya hango wannan rana tun kafin ta zo, ya yi mata tanadi da hannunsa, mutum ɗaya bayan ɗaya. Ni na rusa tanadin cikin yini guda, kuma aka yi mini godiya.

Malam Ummaru ya dawo bayan mako biyu, a motar haya. Ya bar wa ɗan ƙanensa fadamar. Ya roƙe ni in sake zazzage buhun. Ya tsuguna da ƙyar, yana juya fistin ɗaya-ɗaya yana leƙa ramukansu, har ya ɗago wani. A cikin ramin akwai guntun jan ƙyalle da bai kai tsawon yatsa ba.

"Ga nawa," ya ce. Ya shafa bakin ƙyallen da babban yatsa. "Wanga ba cin ɓera ba ne."

"Ni na yanke shi, Malam Ummaru."

"Na sani. Ina bakin ƙofa ran nan, na zo gaisuwa. Na gan ka."

"Me ya hana ka magana?"

"Gidan mutuwa ne, ina zan ce a ba ni ƙarfe? Kuma kai ne mai ilimi. Na ɗauka ka san abin da kake yi."

Na ce ya tafi da shi, nasa ne. Ya mayar da shi tafin hannuna ya naɗe yatsuna a kai.

"Ba ni da inda zan sa shi. Kai ka riƙe."

Shagon Garba yanzu ana cajin waya a ciki. Baburan da ya raya suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma babu mai tashe su. Idan aka tambaye ni me ya rage nasa, zan ce inji guda da ya ce gyaran ƙarshe ne, ya yi shekara tara yana kai tsoho gona, da kuma tsohon da ya yarda da maganarsa har ya zo neman alkawari wurin mamaci. Sauran yana kan teburina: fistin da aka gurza wa gida daidai da shi, gidan kuma an narkar. Nakan ɗauke shi in duba ƙyallen. Yankan a miƙe yake, tsaf, babu ko zare ɗaya da ya fita.